Shuka Yakuwa a Cikin Gida: Wuri da Lokaci

Duk wanda ya ratsa gonakin Anka, Gummi ko Bukkuyum a ƙarshen damina ya san yakuwa, wadda mutanen wannan yanki suka fi kira sure. Tana tsaye a gefen gonar gero ko gyaɗa, sau da yawa a kan iyakar maƙwabta, da jan karanta, tsayinta ya kai na mutum, wani lokaci ma ya ɗara. Da hantsi furenta ke buɗewa, ruwan ɗorawa mai haske da jan ido a tsakiya, kafin la'asar ya yanƙwane. Idan ya faɗi, jan ƙoƙon da ya riƙe shi sai ya ci gaba da kumbura yana yin kauri, shi ne zoɓon da ake jiƙawa a sha. Manoma da yawa ba sa lissafa ta cikin amfanin gona. Watsa irin ake yi a gefe, abin da Allah ya ba da a tsinka. Ni kuwa ina ganin tsiron nan ya cancanci a shigo da shi cikin gida a yi masa noma na haƙiƙa, kuma abin da zai sa a ci riba ko a yi asara abu biyu ne da ake yankewa tun iri bai taɓa ƙasa ba: inda za a shuka, da lokacin da za a shuka. Taki da magani suna biyo baya, kuma ba sa gyara kuskuren da aka yi a waɗannan biyun.

Wani zai ce filin tsakar gida ƙanƙane ne, gara a sa masara ko kuɓewa, abin da zai shiga tukunya kai tsaye. Maganar tana da tushe, musamman yanzu da 'yan bindiga suka hana iyalai masu yawa a yammacin Zamfara zuwa gonakinsu na nesa, har kowane taƙi na ƙasa a cikin gari ya zama abin lissafi. Sai dai idan aka yi lissafin sosai, yakuwa ce ke cin gaba. Tushen masara ashirin zangarniya ashirin ne ko ɗan fiye, a gasa a cinye cikin mako guda. Tushen yakuwa ashirin kuwa yana ba da ganyen miya da fate tun daga makonnin farko, a kaka ya ba da zoɓo wanda ba ya lalacewa idan ya bushe, 'ya'yansa, wato gurguzu, a yi daddawar batso da su, ɓawon karan a tufka igiya. Ga kasuwa kuma a buɗe. Abin da muke kira zoɓo shi ne bisap a Senegal, soɓolo a Gana, karkade a Sudan da Masar, kuma Mekziko tana sayen busasshensa daga Najeriya da yawa, galibi wanda aka noma a Jigawa da Kano da Katsina. Uwargidan da ke ƙulla zoɓo a leda ko ta ɗura a gora tana sayarwa ba ta buƙatar jin labarin Mekziko, ta san yadda mudun yake tashi idan azumi ya ƙarato. Yakuwa kuma tana jure ƙarancin ruwa fiye da masara, saboda uwar saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai.

Batun lokaci shi ne wanda aka fi jahilta, don haka zan daɗe a kansa. Yakuwa ba ta yin fure don ta kai wasu kwanaki da shuka, kamar yadda ake cewa wake ɗan kwana sittin. Tsawon yini take bi. Muddin yini yana da tsawo, sai ta yi ta kara da rassa da ganye, sai dare ya fara rinjaye, yini ya sauko kusa da awa 12, sannan ta juya ga fure. Yankinmu yana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inda yini mafi tsawo a watan Yuni bai cika awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba kuma yana ɗan ɗara awa 11. Bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma tsiron yana jin sa. Mu ma muna ganin sa a lokacin sallar magariba, wadda ake kira wajen ƙarfe 7 a Yuni, ta dawo ƙarfe 6 da 'yan mintuna a Nuwamba. Ma'anar wannan ga mai shuka ita ce yakuwar da aka shuka a farkon Yuni da wadda aka shuka a tsakiyar Agusta kusan tare za su yi fure, daga Satumba zuwa Oktoba. Ta Yuni za ta riski lokacin tana da wata uku na girma, dogon kara da rassa birjik. Ta Agusta za ta riske shi tana iya gwiwa. Tun da kowane fure a hammatar ganye yake fitowa, wato inda ganye ya haɗu da reshe, yawan zoɓo yawan rassa ne, yawan rassa kuma yawan kwanakin da tsiron ya samu kafin yini ya gajarta. Saboda haka a shuka da zarar ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu har zurfin tafin hannu, wanda a nan yakan kama cikin watan Yuni. Kowane makon da aka ƙara bayan farkon Yuli ragi ne daga abin da za a tsinka, kuma babu takin da zai maido shi.

A nan ne masu lambu za su kawo hujjarsu, su ce ai suna shuka sure da rani a bakin gulbi kuma yana fitowa. Gaskiya ne yana fitowa, amma a dube shi da kyau. Wanda aka shuka a Disamba ko Janairu ya tsiro ne cikin gajeren yini, don haka yakan fara fure tun yana ƙarami, ya tsaya wada, da 'yan ƙoƙuna ƙalilan. Idan ganyen miya ake so a tsinka a kai kasuwa, wannan ya wadatar. Idan zoɓo ake nema, asarar ruwa ce da wahalar ban ruwa. Haka ita ma hujjar da ake yawan ji cewa yakuwa da kanta take fitowa, ba sai an koya wa kowa shuka ta ba. Wadda ta fito da kanta daga irin bara tana yin kyau ne saboda ta tsiro da ruwan fari, wato ta samu lokacin da nake magana a kai ba tare da kowa ya shirya mata ba. Ta goyi bayan maganar ke nan, ba ta rushe ta ba. Abin da ba ta samu ba shi ne zaɓin wuri, shi ya sa ake ganin tushe ɗaya ya yi kyau a bakin juji, goma sun ƙanjame a gindin bango.

Wurin kuwa rana ce sharaɗinsa na farko. Yakuwa tana son rana daga hantsi har la'asar, awa 6 ko fiye, kuma gidajenmu cike suke da inuwa: katanga, rumbu, rumfa, dogonyaro ko mangwaro a tsakar gida. Kafin a sari ƙasa, a ɗauki yini ɗaya a lura da inda inuwa ke faɗawa da safe, da azahar, da la'asar. A kuma tuna cewa rana ba a hanya ɗaya take bi duk shekara ba. A Yuni da Yuli takan ɗan karkata ta arewa, amma daga Satumba, lokacin fure ke nan, ta koma kudu, sai inuwar katanga ta faɗo ta gefen arewa tana ƙara tsawo. Wurin da ke manne da arewacin doguwar katanga zai yaudari mutum a ranar shuka, ya hana tsiron rana a lokacin da ya fi buƙata. Sharaɗi na biyu shi ne kada ruwa ya kwanta. Tsiron da ke jure fari ba ya jure kwana biyu ko uku da saiwa cikin ruwa, sai ka ga ganye ya yi laushi alhali ƙasa a jiƙe take, gindin kara ya yi baƙi, shi ke nan. A guji ƙarƙashin indararo, da bakin makwarara inda ruwan wanke-wanke da sabulu ke bi. Ƙasar jigawa mai rairayi-rairayi ta fi dacewa da ita. Inda ƙasa laka ce, kamar unguwannin da ke kusa da fadama, a ɗaga kunya mai tsayin taƙi guda a shuka a kai. Mutanen Gummi, da suka ga abin da ambaliya ta yi wa garinsu a daminar 2024, sun san irin ruwan da Agusta ke iya saukarwa. A kuma guji inda aka yi kuɓewa, rama ko tumatir bara idan an ga saiwarsu ta yi ƙulu-ƙulu da aka tumɓuke. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani ke jawo hakan, tana zaune cikin ƙasar, kuma yakuwa dangin kuɓewa da rama da auduga ce, cutarsu ɗaya.

Akwai sharaɗi na uku da jagorar da aka rubuta don wata ƙasa ba za ta ambata ba, amma a Anka da Bukkuyum shi ne mafi nauyi. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta sanƙarewa suna mutuwa a ƙauyukan yankin, bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma a lokacin a cikin gidaje ake daka shi, ana niƙa shi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. A Dareta da Abare da 'Yargalma da wasu ƙauyuka sai da aka kwashe saman ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, Bagega kuwa ba a yi mata wannan aiki ba sai a 2013. Dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta, shekaru ba sa kashe ta. Tana nan a inda ta zuba. Saboda haka gidan da aka taɓa daka dutse ko wanke shi a ciki, ko filin da injin niƙan dutse ya taɓa zama, ko kusa da ramin da aka binne gurɓatacciyar ƙasa, ba wurin shuka abin ci ba ne. Ko a gidan da aka sauya wa ƙasa, bai kamata a kafa fartanya a tono abin da ke ƙarƙashi ba.

Za a iya cewa ai ba ƙasar za a ci ba, ganye da ƙoƙo ne, su kuma suna sama. Gaskiya ne cewa yawancin dalmar da tsiro ya zuƙa a saiwa take tsayawa. Amma babbar hanyarta zuwa cikin yaro ƙura ce: wadda ruwan sama ke fantsalawa kan ganyen ƙasa, wadda ke maƙalewa a hannun mai noma, wadda yaron da ya biyo uwarsa bayan ɗaki zai kai baki. Noma yana tayar da ƙasa, wannan shi ne haɗarin. Mafita a irin wannan gida ita ce a shuka a cikin buhu ko tsohuwar roba mai zurfi, a huda gindinta, a cika da ƙasar da aka ɗebo daga gonar da ba ta da alaƙa da aikin zinare, a gauraya da ruɓaɓɓen taki, tushe ɗaya a kowane buhu. Buhun ma kada ya zama wanda aka taɓa ɗauko dutse da shi. Yakuwar buhu ba za ta kai tsayin ta ƙasa ba, kuma za ta riƙa neman ban ruwa idan sama ta yi kwana biyu ba ta zubo ba, amma za ta yi zoɓo.

Idan wuri ya tabbata, aikin shukar kansa ba shi da wuya. A kafce ƙasa zurfin taƙi guda, a gauraya ta da takin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe, kamar cikin kwanon sha ɗaya a kowane rami. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma jawo gara. A zaɓi gurguzu mai nauyi wanda ƙwaro bai huda ba. Idan aka zuba shi a ruwa, wanda ya taso sama a zubar, sauran a bar shi ya kwana a jiƙe don ɓawonsa ya yi laushi. A sa ƙwaya uku ko huɗu a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, a rufe a ɗan danna. Idan aka nutsa shi da yawa ruɓewa yake yi. Tsakanin rami da rami a bar kamu ɗaya da rabi, tsakanin layi da layi taku ɗaya cikakke, wato kusan mita guda. Ido zai ga kamar an yi ɓarnar fili, amma zuwa Satumba rassan za su haɗe. Cikin mako guda irin yakan tsiro. A shuka yakuwa a inda za ta zauna, domin dashe yana karya uwar saiwa, ita kuwa wannan saiwar ce ke riƙe tsiron idan iska ta taso, ita ce kuma ke nemo masa ruwa bayan damina ta ɗauke.

Bayan mako uku a rage, a bar tushe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a kowane rami. Waɗanda aka cire su ne miyar farko. A yi noman firi da wuri, domin a watan farko yakuwa tafiyar hawainiya take yi, ciyawa tana iya danne ta, amma da ta rufe ƙasa da inuwarta ita ke danne ciyawa. A maimai sai a tara mata ƙasa a gindi. Idan ta kai gwiwa a tsinke kan da farce. Mutane suna jin tsoron wannan, suna ganin an kashe tsayi, alhali shi ke sa ta fito da rassa ta kowane gefe maimakon ta tafi sanda ɗaya. Game da takin zamani, a yi hattara da yuriya. Tana ba da ganye kore shar mai faɗi wanda ke faranta ido, amma tana jinkirta fure, tana sa kara ya yi taushi iska ta kwantar da shi. Wanda ya sa takin gargajiya a rami ba ya buƙatar ƙari. Sai kuma rigimar da ke tasowa a kowane gida tsakanin tukunya da kasuwa: ganyen da aka tsinka don miya shi ne wanda zai ciyar da ƙoƙo. Tsinka kaɗan-kaɗan daga ƙasa a Yuli da Agusta ba ya cutarwa, amma da an ga 'yan jajayen tohon fure a hammatar ganye a ɗauke hannu. Dabarar da ta fi ita ce a ware layi ɗaya a shuka shi a cunkushe don miya kawai, a tsinke shi yadda aka ga dama, sauran a bar su don zoɓo.

Babban abokin gabanta a cikin gida akuya ce, sai kaji a makon farko. Dangar kara ko ta ƙaya mai tsayin ƙirji a kafa ta tun kafin shuka, domin akuya ɗaya cikin minti kaɗan za ta cinye aikin wata biyu, kuma mun riga mun ga cewa wata biyun nan ba su dawowa. Ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke mai da ganyen kuɓewa kamar rariya suna kama yakuwa ma. Babban tsiro yana jure su, ƙarami ne ke wahala. A barbaɗa toka da sassafe lokacin da raɓa ke kan ganye, ko a daka 'ya'yan dogonyaro a jiƙa su kwana ɗaya, a tace a yayyafa da yamma. Ban ga dalilin fesa maganin ƙwari na kwalba a kan ganyen da za a ci gobe, a tsakar gidan da yara ke wasa ba.

Tsinkar zoɓo tana farawa kamar mako uku bayan fure ya faɗi, lokacin da ƙoƙon ya cika ya yi kauri, yana ƙaras idan aka karya, ƙwanson da ke cikinsa bai riga ya bushe ya tsage ba. A gona akan jira tsiron ya bushe a sare shi gaba ɗaya, saboda ba wanda zai yi ta zirga-zirga. A gida kuwa ga shi a ƙofar ɗaki, sai a bi shi daga ƙasa zuwa sama duk bayan 'yan kwanaki da wuƙa ko almakashi, kada a fizga reshe ya tsage. Wannan bi-da-bi yana sa na sama su samu ƙarfin cika, kuma zoɓon da aka tsinka a kan kari ya fi ja da ɗanɗano. A tsaga ƙoƙon ta gefe a fitar da ƙwanson, ko a tura shi ta gindi da ɗan bututun ƙarfe ƙoƙon ya fita ɗungurungum. Ƙwanson yana da ƙaiƙayi, mai aikin ya shafa ɗan mai a hannu. Shanya kuma ita ce inda ake zubar da darajar kaya a ƙarshe. Kada a baza a ƙasa, ko a bakin titi, ko a kan kwano mai tsatsa, domin zoɓo yana da tsami yana cin ƙarfe. A ɗaga tsaftatacciyar tabarma a kan rumfa ko gado, a baza shi ba a tule ba, a riƙa juyawa, a shigar da shi da dare saboda raɓa. A ƙauyukan da ake aikin zinare a nisanta shanyar daga inda ƙurar injin ke bi. Da iskar hunturu cikin 'yan kwanaki zai bushe har ya riƙa karyewa a hannu. Kada a yi mamakin yadda zai ragu, ɗanyen kilo 10 da ƙyar yake ba da busasshen kilo ɗaya. A zuba a buhu mai tsabta a rataye a ɗaki mara laima, a riƙa dubawa saboda ƙwaron ajiya, wanda shi ne ya taɓa sa Mekziko ta dakatar da sayen zoɓon Najeriya.

Irin baɗi daga gida zai fito. Furen yakuwa galibi kansa yake yi wa barbara, don haka 'ya'yan sukan gaji uwarsu: mai baƙin ja ta haifi mai baƙin ja, fara ta haifi fara. Tun ana tsinka a sa ido a kan tushe biyu ko uku da suka fi rassa da kaurin ƙoƙo, a ɗaura musu tsumma don kada a taɓa su, a bar ƙwansonsu ya bushe a jiki har ya fara buɗe baki. Jajayen ƙwarin auduga sukan taru a kansa a wannan lokaci suna tsotsar iri, a kakkaɓe su cikin ruwan sabulu. A yanke kafin ya fashe ya zube, a ƙarasa busarwa a faifai, a murza a sheƙe. Irin shuka a gauraya shi da toka a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu, sauran kuma a miƙa wa mai yin daddawa.